Sunan da Gwaggo Ta Ƙi Faɗa a Tsakiyar Teku

Tun da na dawo Alƙahira ban huta ba. Na shiga kasuwar Ataba sayen takalmi, an tare ni. Na fito daga masallaci a unguwarmu Darrasa, an tare ni. Maman Hanif kuwa sai da ta hau benenmu da tsohon cikinta, tana haki, wai "Bilki, ya jirgin?" Jirgi yana nan lafiya, bai ce in gaishe ku ba. To ga shi zan rubuta sau ɗaya, khalas, shi ke nan. Wadda ta sake tambayata zan ce ta je ta karanta.

Ga waɗanda ba su san mafarin ba. Ina zaune da yayana Sani da ke karatu a nan, ni kuma ina raka 'yan gida masu zuwa asibiti in yi musu tafinta. A ƙarshen shekarar 2014 Gwaggo Hajara, yayar babanmu, ta zo daga Katsina aikin ido. Na hagu dama yanar ido ta kusa rufe shi, na dama aka yi wa aikin. Likita ya hura wata iska a cikin idon don ta danne wurin da aka gyara, ya ce muddin iskar nan ba ta tsotse ba, in Gwaggo ta hau jirgin sama idon zai iya tafiya gaba ɗaya. Sai ta jira wata biyu ko fiye.

Gwaggo ta ce ba ta san wannan zancen ba. Dama shirinta daga Masar ta wuce Malesiya, inda ɗanta Yaya Yusuf yake koyarwa. Matarsa Hadiza tana da tsohon ciki, mahaifiyarta ta rasu, babu mai yi mata wankan jego. "Don yarinyar nan zan je," in ji ta, kullum. Ba ta taɓa cewa don shi ba, alhali ya yi shekaru bai taka Najeriya ba. Kun san tsofaffinmu da ɗan fari. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, kuma ni dai tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin Gwaggo ba. Sai "wancan", in ta ji daɗi ta ce "yaron nan". Abin yana ba ni haushi, kuma na sha gaya mata.

Shi Yaya Yusuf ɗin ne ya nemo dabara. Akwai manyan jiragen ruwa na 'yan yawon buɗe ido da ke barin Turai su koma Asiya in sanyi ya kama, wani daga ciki zai tsaya a Bur Sa'id, nan Masar. Ya kira ni a waya. Da yake taubashina ne, ba ya raga mini.

"Ke mai bakin tsiya, ke za ki rako ta. In jirgin ya rasa mai, surutunki ya tura shi."

"In na zo sai ka biya ni kuɗin shara na shekarun da ka gudu," na ce.

Ba zan ba ku labarin yawon biza a Wustul Balad, tsakiyar gari, ba, don kowacce a cikinku ta san "bukra, bukra", kullum a dawo gobe. Mun dai samu. Muka ɗauki shatar mota zuwa Bur Sa'id, direba yana ta tsayawa a shingen sojoji, kowane shinge sai an leƙa fuskar Gwaggo da audugar idonta a ce "salamtik ya hagga", wato sannu Hajiya. A tashar jirgi aka buɗe jakarta. Warin daddawa ya tashi, ma'aikacin ya ja da baya kamar an mare shi. Ga yajin jego, ga busasshen ganyen darbejiya, ga kanwa ƙulli guda. Kanwar ce ta ɗaure masa kai. Na yi bayani da Larabci har na gaji, ƙarshe ya ɗanɗana da bakinsa, ya yamutsa fuska, ya ce yalla mu wuce. Masu tsaron jirgi kuma suka ƙwace hitar dafa ruwanta, wai ba a shiga da ita. Gwaggo ta yi musu Allah ya isa a hankali, ta ce in fassara. Na ce musu ta gode.

Jirgin nan gari ne. Bene a kan bene, lif ko'ina, lunguna masu shimfiɗa iri ɗaya da ƙofofi iri ɗaya, in ka juya sau biyu ka manta inda ka fito. Ɗakinmu bai fi kicin ɗinmu na Darrasa ba, gado biyu, taga zagayayyiya da ba ta buɗuwa. Bayin kuwa in ka danna sai ya yi wata ƙara kamar zai haɗiye ka. Ranar farko Gwaggo ta fito da gudu tana salati. Kuma duk girman jirgin nan, da wurin wanka uku da gidan kallo, babu buta ko ɗaya.

Wanda ya cece mu shi ne mai gyaran ɗakinmu, wani dattijo Musulmi ɗan Indunusiya. Ina fara kame-kamen bayani ya ɗaga hannu, ya tafi ya dawo da jug na roba. Ya nuna ƙirjinsa ya ce, "Yusuf."

Gwaggo ta kau da kai.

"Gwaggo, sunansa yake gaya miki."

"Na ji. Ba kurma ba ce ni."

Daga ranar ya zama Mai-suna. Har ya saba, in ta ƙwala "Mai-suna!" daga ɗaki sai ka ji ya amsa daga ƙarshen lungu. Kullum yana naɗe mana tawul ya mai da shi giwa ko agwagwa ya ajiye a gado. Gwaggo takan warware ta ce babba da shi yana wasan yara, amma ranar da bai yi ba sai da ta tambaya ko lafiya.

Kafin jirgi ya tashi aka tara mu da rigunan ceto, aka nuna mana kwale-kwalen da za mu shiga in abu ya ɓaci. Gwaggo ta sa tata a kan hijabi, ta ce in dai sai an sa wannan kafin a tsira to ita ta yafe. Muka bi ta mashigin ruwan Suwes, jirgi yana tafiya a hankali kamar amarya, yara a gefen ruwa suna ɗaga mana hannu.

Abinci kuwa, a watan Cika-ciki muka tafi, kuma a jirgin nan kullum cika-ciki ne. Ka ci da safe, kafin ka wanke hannu an jera na hantsi, ga na rana, ga shayi da kek, ga na dare. Ba mai tambayarka ko ka ƙara. Mu dai kifi da ƙwai da shinkafa muka riƙe, don ban yarda da naman ba, kuma duk abin da na ga ya yi ja-ja sai na tambaya ko alade ne. Abincin ba gishiri ba yaji, kamar na marar lafiya. Gwaggo ta ƙulla yaji a bakin zani, tana barbaɗawa a ɓoye.

Da dare kowa da teburinsa. Mu aka haɗa mu da wasu tsofaffin Turawan Ingila, Joyce da mijinta George. Joyce ta kama Gwaggo tana barbaɗa yaji, ta miƙo farantinta. Ta ci, ta yi tari, hawaye ya zubo, ta sake miƙowa. Shi ke nan aka ƙulla. Ba mai jin yaren wani, amma sai su zauna a inuwa suna hira, wannan da Hausa, waccan da Turanci, ni in na gaji da fassara in tashi in bar su, kuma ba abin da ke raguwa. Abu ɗaya ne ya hana Gwaggo sakewa da ita: yadda take ƙwala wa mijinta kira. "George! George!" gatsal, a gaban mutane.

"Wannan mata da kirki, amma ba kunya. Mijinta na aure?"

"Gwaggo, to da me za ta kira shi? Wancan?"

"Rufe mini baki."

Da rana tsofaffin nan sai su tuɓe, daga su sai ɗan kamfai, su shafa mai su kwanta a rana kamar an shanya kilishi. Mu muna gudun rana, su sun biya kuɗi sun zo nemanta. Gwaggo ta tambaye ni mene ne jajaye-jajayen nan da take hangowa a jere. Da na gaya mata, ta ce alhamdu lillahi da idon bai gama buɗewa ba.

A Bahar Maliya talabijin ɗin ɗaki yana nuna inda jirgi yake. Ranar da muka zo daidai Jidda na gaya mata, ta tsaya a taga ta daɗe tana addu'a. Bayan nan rigima ta tashi, don alƙibla ta fara komawa bayanmu, har ta kai sai mun kalli wajen faɗuwar rana.

"Ni Hajara in ba gabas baya in yi salla? Karatun naku na Masar ke nan?"

Na zana mata a takarda, na yi rantsuwa, ta ƙi. Sai da Mai-suna ya ce a ƙasarsu kowa yamma yake kallo, tun kakanninsa, sannan ta juya dardumarta. Ni da jininta ba ta yarda da ni ba. Da muka zo wajen ruwan Somaliya aka ce a rufe labule, aka rage fitilun waje saboda 'yan fashin teku. Ba mu ga kowa ba. Muka tsaya a Salala ta ƙasar Oman, Gwaggo ta sayi turaren luban, aka ce ba a kunna wuta a jirgi, ta ƙara wani Allah ya isan.

Daga Salala ne aka shiga tekun gaske. Kwana da kwanaki ba ƙasa, ba tsuntsu, ruwa gaba ruwa baya. A nan za ka ga yadda mutum yake ƙirƙiro wa kansa aiki. Wasu su yi ta zagaye bene da sassafe kamar sun yar da wani abu. Wasu koyon rawa, wasu caca, wasu gasar tambayoyi. Kowane ɗan lokaci a tura agogo gaba, har na daina sanin lokacin azahar sai na leƙa rana. Akwai daren da kowa ke cin ado don gaisawa da kyaftin. Gwaggo ta fito da leshinta ruwan goro da ɗaurin da ya kusa taɓa rufi, Turawa suka bar kyaftin suka yi layin ɗaukar hoto da ita. Tana ta cewa "me suke so?", amma ba ta tashi ba. Idon ma ya fara sauƙi. Ta ce iskar tana sauka kamar ruwa a kwalba, sama ta washe, ƙasa tana rawa.

Sai teku ya tashi. Kofuna suna yawo a tebur, an rataye jakunkunan amai a kowane lungu. Ni da nake cika baki na kwanta warwas, ko kaina ba na iya ɗagawa. Gwaggo ko gezau. Da ta ji Joyce ma tana kwance, ta ce ai dole a je dubiya. Na ce ta bari in warke. Ta sa Mai-suna ya kawo ruwan zafi, ta dama kunun tsamiya a jug, ina barci bayan azahar ta saɓa mayafi ta fita. Ba katin ɗaki, ba Turanci, ido rabi.

Wayar ɗaki ce ta tashe ni, wai in zo asibitin jirgi. Na sauka ina bin bango. An tsince ta can ƙasa, wajen da ma'aikata kaɗai ke shiga, ta ɓata, ta gaji, ta shimfiɗa mayafi tana la'asar, ga jug ɗin kunu a gefe. Na same ta zaune a gadon asibiti tana cin magani.

Likitan wani Bature ne mai sanƙo, mai magana a hankali. Ya ce tsohuwa ce, ba ta daɗe da yin aiki ba, an same ta tana yawo ba ta san inda take ba, dole ya tabbatar ba wani abu ne ya taɓa ƙwaƙwalwarta ba. Zai yi mata tambayoyi, in fassara.

Sunanta? Ta faɗa. Ina take? "A kan ruwa mana, shi bai gani ba?" Wane wata ake ciki? Ta ce Cika-ciki ya kusa ƙarewa, na yi masa bayani, ya gyaɗa kai. Wurin wa za ta? "Wurin Hadiza." Ya duba takardarmu ya ce ba sunan da ke nan ke nan ba. Na ce matar ɗanta ce. Ya ce to, ta faɗi sunan ɗan.

Gwaggo ta juya ta kalli bango.

Na ce, "Yusuf ne sunansa." Likita ya ce ba ni ya tambaya ba. Suna ba ya bukatar tafinta, da kunnensa yake so ya ji daga bakinta. Na yi masa bayanin ɗan fari da guntun Turancina na sakandare. Ya saurara, amma na ga bai gamsu ba, ya ɗauka rufa mata asiri nake yi. Ya ce uwar da ta kasa faɗin sunan ɗanta, shi ba zai iya barinta ta ci gaba da tafiya ba. In mun isa Kolambo, a Siri Lanka, za a sauke mu a kai ta asibiti a yi hoton kai, jirgi kuma ba zai jira ba.

Ƙasar da ba mu san kowa ba, ita ba ta hawa jirgin sama, wani jirgin ruwan kuma sai Allah.

"Gwaggo, kalma ɗaya ce. Ki faɗa mu tafi."

"Ba zan faɗa ba."

"Sauke mu za su yi! Hadiza ta haihu ba kowa. Shi ma ba za ki gan shi ba. Sunan Annabi ne fa, ba zagi ba!"

"Ki ce ya tambaye ni wani abin."

"Wannan yake so!"

Wallahi na so in girgiza ta. Likita ya ce doka ce ya sanar da danginta, ya buga wa Yaya Yusuf ta wayar jirgi, ya sa a lasifika, ya yi masa bayani da Turanci. Gwaggo ba ta san an kira kowa ba, ta ɗauka da na'urarsa yake magana. Sai ta fashe, tana nuna likita da yatsa.

"Ki gaya masa hankalina ya fi nasa. Yaron nan ranar Laraba na haife shi, ana ruwa, a ɗakin Inna. Yana da tabo a ƙafar hagu, garwashi ya taka yana koyon tafiya, ni na yi sakaci. Ba ya cin kuɓewa. In zai yi ƙarya sai ya taɓa kunnensa. Ranar da aka kai shi makarantar kwana ina bayan ƙyaure, rigarsa shuɗiya, maɓalli ɗaya ya cire, ban samu na ɗinke ba aka tafi da shi. Wanda ya manta ɗansa ne zai san wannan? Fassara masa!"

Ban fassara ba. Na kasa. Can muka ji an ja hanci a lasifika.

"Hajiya, ina wuni."

Gwaggo ta zabura, ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ke! Wa ya sa shi a nan?"

Yaya Yusuf ya koma Turanci, yana 'yar dariya. Ya ce, "Likita, shekarata arba'in da wani abu, ban taɓa jin ta faɗi sunana ba. Ranar da ka ji ta faɗa, ranar za ka sauke ta, don lallai kanta ya taɓu. Yau lafiyarta lau."

Likita ya daɗe yana kallonta. Ya haska idonta, ya sa ta matse yatsunsa, ta matse har ya ce wash. Ya ce mu tafi, amma kada ta ƙara fita ba kati. Gwaggo ta ɗauki jug ɗinta ta ce kunun ya huce, kuma duk da haka sai mun kai wa Joyce. Muka kai. Ta shanye.

Kolambo ko sauka ba mu yi ba, Gwaggo ta ce ba ta yarda da garin ba. Sauran kwanakin ba ta ƙara tayar da zancen asibiti ba, ni ma da na buɗe baki sai ta ce in miƙo mata carbi.

Ranar da muka isa Malesiya, da hantsi, kowa ya fito saman bene. George yana ta ɗaukar hoto, Joyce ta rungume Gwaggo tana kuka, Gwaggo tana bubbuga bayanta tana "ya isa, ya isa". Can ƙasa bayan shinge masu tarba sun taru. Gwaggo ta kama hannuna.

"Nuna mini shi."

"Wa?" na ce, don tsokana.

Ta mintsine ni. Na nuna mata: ga shi can, farar riga, tabarau, kusa da mai jan hijabi. Ta rufe idon hagu da tafin hannu, ta sunkuyar da kai kaɗan don ta samu wurin da ya washe a na dama. Shi bai gan mu ba, yana ta waige-waige. Ta tsaya tana kallonsa. Aka kira benenmu a lasifika, ba ta motsa ba. Aka sake kira. Mutane suka watse suka bar mu.

"Ya yi furfura," ta ce. "Kada ki gaya masa na kalle shi."

Da muka fito, ya taho da sauri ya durƙusa a gabanta. Ta amsa gaisuwarsa tana kallon gefe, ta wuce shi ta kama Hadiza tana faɗa, wai da wannan cikin wa ya ce ta zo ta tsaya a rana. Sannan ta juyo gare ni.

"Ki ce wa wancan ya tashi ya ɗauki kaya."

Ya ɗauki jakar daddawar, muka bi bayansu. Kun san ni. Ko wurin ajiye motoci ba mu kai ba na gaya masa komai, har da furfurar. Ya ajiye jakar a tsakiyar hanya, ya cire tabarau, ya yi ta goge shi da bakin riga, motoci suna yi masa oda.

"Ke dai bakinki ba ya riƙe komai," ya ce. Ya mai da tabaran. "Ta daɗe tana kallon?"

"Sai da aka kusa rufe jirgi da mu."